Matar da Aka Bari a Bakin Ƙofa

Shi ne, wallahi shi ne! Tun kafin in ga hoton na gane. Ina zaune a shagon da nake kai wayata caji, inda ake tura wa mutane finafinai, sai na ji wata ƙara daga wayar wani: ɗis, ɗis, ruwa na ɗiga a kan katako, can ƙasa-ƙasa kuma wani abin busa yana jan numfashi kamar tsohuwar saniya. Na ce don Allah a mayar mini baya. Shekaru nawa ina cigiyar fim ɗin nan, ko sunansa ban sani ba, ga shi a hannun wani da yake kallo yana hamma.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Duk abin da na sani a kan fim, kallo ne ya koya mini, kuma da wannan na fara. Ku yi haƙuri da ni in na yi tsawo, na daɗe ba ni da wanda zan ba wa labarin.

Ƙauyenmu na tsakanin Faskari da Sabuwa. A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, samari suka watsar da fartanya suka tafi Kaduna aikin gini. Wannan ya dawo da rediyo, wancan da babur, wani da kwanon rufi. Baffana kuwa, ƙanen babana, sai ya dawo da injin majigi da ƙaramin janareta da gwangwanaye uku na fim, wai ya saya a wurin wani da ke kwashe kayan wani kulob na Turawa. Da aka buɗe gwangwani na uku, tallan takin zamani ne a ciki. Wato fim ɗinmu ba shi da ƙarshe. Farkonsa ma ya ƙone, shi ya sa babu suna. Malamin firamare ya saurara ya ce yaren ba Turanci ba ne.

Baffa yana haskawa ne ranar kasuwa, bayan azahar, a cikin siton auduga da ya zama fanko tun da aka gama awo. A toshe tagogi da buhuna, a rataye farin alawayyo a bango. Bazara ce, kwanon rufin yana dafa mu. Har yau in na ji warin angurya ya haɗu da na fetur, sai tsigar jikina ta tashi.

Labarin ba shi da wuya. Wata budurwa ta zo wani babban gida a bakin tafki, aka karɓe ta, daga baya ta faɗa ruwa ta mutu. Sai ta riƙa dawowa. Ta fito daga cikin ciyawar ruwa da farar riga sharkaf, ta tako a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa. Mutanen gidan suna ciki suna rawar jiki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, fim ɗin cike yake da kurakurai. Mujiya ɗaya ce aka nuna sau biyar, tana juya kai iri ɗaya. Akwai wani mai gadi da aka kashe, amma ana ganin cikinsa yana hawa yana sauka. Wai dare ne, ga inuwar bishiya baƙa ƙirin a ƙasa kamar tsakar rana. Maigidan kuwa in ya tsorata sai ya zare ido kamar wanda ƙashin kifi ya maƙale wa. Amma wanda ya ɗauki tafkin nan ya san ruwa. Hayaƙi-hayaƙi yana kwance a samansa, ciyawa na kaɗawa alhali babu iska, kuma sai a bar ka da wannan hoton har ka gaji da jira, babu kiɗa, babu magana. Matar ba ta ihu, ba ta da haƙoran roba, ba ta taɓa kowa a idonmu. Tsayuwa kawai take yi ruwa na ɗiga daga gefen rigarta. Na kalli finafinan tsoro ba adadi tun daga lokacin, masu kuɗi da masu jini, ban ga wanda ya kai wannan tsayuwar ba.

A nan gwangwani na biyu yake ƙarewa. Tana tsaye, marfin ƙofa ya fara motsi, sai alawayyo ya yi fari, wutsiyar fim tana dukan injin, faf, faf, faf. Mutane su yi tsaki su fita.

Kakata tana sayar da daddawa a bakin siton. Ƙarar ruwan ce ta ja ta ciki. Ya kamata ku san wani abu a nan. Tana da 'ya mace guda ɗaya, gwaggona, wadda ruwa ya tafi da ita wata damina a mashigin rafi, tana dawowa daga kasuwar Sabuwa. An bi rafin kwana huɗu, ƙwaryarta kawai aka samu. Ba a yi mata wanka ba, ba ta da kabari. An yi addu'a an yi sadaka, amma kaka cikin Maguzawa ta tashi kafin ta musulunta, kuma a wurin mutanenta wanda ba a kwantar a ƙasa ba bai isa gida ba tukuna. Tun daga ranar ba ta ƙara rufe ƙyauren ɗakinta ba. Ko sanyi ake, ko ruwa na feshi har kan gadonta, a buɗe yake.

Ran da ta fara kallo, bayan kowa ya fita, ta tsaya gaban baffa tana tambaya ko sun buɗe wa yarinyar fim ɗin. Ya ce sauran yana cikin gwangwanin da ba a ba shi ba. Ba ta gane ba, ko ba ta so ta gane ba. A ganinta yarinyar ba abin tsoro ba ce, 'yar gidan mutunci ce da ba za ta faɗa gidan mutane ba sai an ce ta shigo. Mutanen gidan ne ba su da tarbiyya. Baƙo ya zo a jiƙe, ko sannu babu.

Kasuwa ta zagayo, ta ba maƙwabciyarta ajiyar daddawa, ta kama hannuna.

“Tashi, maigidana. Mu tahi mu gani ko yau sun yi hankali.”

Haka muka yi kasuwa shida. In baffa ya ɗora kayan a mota ya kai Mairuwa ko Ruwan Godiya, yana dawowa za ta tare shi a zaure ta ji ko a can an buɗe. Ya zaro fim ɗin ya ɗaga mata a rana, ya nuna mata cewa hotuna ne a jere, abin da ke ciki ba ya canzawa. Ta duba ta ce waɗannan ƙanana ne, ita babbar take tambaya.

Sai ta fara barin tuwo. A kai mata, a dawo da kwanon yadda yake. Ta zauna a bakin ɗakinta tana kallon hanyar rafi, zanenta na ƙara yi mata yawa. Babana ya kira baffa ya ce ko dai ya fitar da injin nan daga garin kafin ruwa ya sauka, ko ya tsince shi a rijiya. Baffa ya ce in aka ɗauke fim ɗin yanzu, yarinyar za ta tsaya a bakin ƙofa ke nan har abada, ita ma Inna, wato kaka, haka.

Ni na tuna wa baffa cewa ai yarinyar ta taɓa shiga gidan. A gwangwanin farko, ranar da ta zo da ranta, an buɗe mata wannan ƙofar. Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a ɗakinsa, ya warware fim ɗin, muka yi ta dubawa a hasken taga har muka samu wurin. Ya ce in ya yanke, ya yanke ke nan, farkon zai zama gurgu kuma babu mai sayen kayan daga hannunsa. Ya sa reza ya cire kamu goma sha wani abu, ya liƙa a ƙarshe da salatif.

Ranar kasuwa sito ya cika. Matar ta fito daga ruwa, ta tako, ta tsaya. Marfin ƙofa ya motsa. Hoton ya yi tsalle, wani baƙin tabo ya wuce, injin ya yi kamar zai shaƙe. Sai ga rana tarwai. Ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa tana murmushi ta miƙo hannu biyu, yarinyar ta shiga da riga mai furanni, gashinta a bushe.

Samari suka fashe da dariya. Wani da ya yi zama a Kaduna ya ɗaga murya yana tambayar baffa yaushe gari ya waye, kuma wane tela ya ɗinka mata riga a tsaye. Kaka ba ta ko juya ba.

“Kai ɗan nan, rufa mana baki. Wa ka taɓa gani an shigar ɗaki da jiƙaƙƙen zane? Sun ba ta busasshe.”

Sau shida ta ga wannan shigar a farkon fim. Har yau ban sani ba ko ta manta ne, ko kuwa ta gane hannun ɗanta ta karɓa. Da yamma ta ci tuwo har ta nemi ƙarin miya. Da aka yi magariba ta ce in jawo mata ƙyaure. Na ja, ya ƙi, ƙasa ta riga ta cinye gindinsa. Sai da baffa ya kawo fartanya ya kankare, ya ɗaga shi da kafaɗa, sannan ya rufu.

To, shekaranjiya na sa aka tura mini fim ɗin, na ga ƙarshensa na gaskiya. Wani mai gemu ne ya zo da wuta, suka kore ta, ta narke ta zama ƙwarangwal na roba, gidan kwali ya ƙone. Minti ashirin na hayaniya. Na zauna da wayar a hannu, gajiya ta rufe ni. Yanzu in na kalla, tana isa bakin ƙofa nake kife wayar, sauran ina da shi a kaina.

Garin namu babu kowa yanzu, kun san abin da ya taso mu. Sito ya rushe, baffa ya rasu a gidan haya a birni, injin ban san inda ya shiga ba. Kaka tana da kabari, an yi mata wanka an kwantar da ita, sai dai babu hanyar da zan bi in je in tsaya a kai.

Na ba mai shagon labarin, ya ce shi ya kalli fim ɗin sau uku, babu inda aka buɗe mata bayan ta fito daga ruwa. Shi ya sa nake tambaya. Baffa ya ci gaba da yawo da nasa har shekara biyu, daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa. In a cikinku akwai wanda ya zauna a wani sito ko wani aji da aka toshe tagoginsa, ya ga yarinyar nan ta shiga gida da riga mai furanni, don Allah ya faɗa mini a wane gari ne, da wa ya je, kuma me tsofaffin wurin suka ce. Ina so in ji daga bakin ko mutum ɗaya ne cewa shi ma ya ga an buɗe mata.