Tambarin da Muka Maƙala wa Albam ɗin Taru Uku

Ban taɓa mantawa da ranar da wayar situdiyonmu ta yi ƙara da lambar ƙasar waje ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna cika baki, ku matso ku ji.

A lokacin ni ne mai haɗa sauti, wato ni nake ɗaukar murya in daidaita ta da kiɗa. Maigidanmu Alhaji yana da doka guda: duk waƙar da ta fita daga hannunmu sai an maƙala mata tambari. Tambari shi ne 'yar muryar nan da ke faɗar sunan situdiyo da lambar wayarsa kafin kiɗa ya tashi. Dalili kuwa, waƙa a Haɗeja ba a kanti ake sayenta ba. Masu turi ne ke zuba ta a wayoyin mutane, daga nan ta yi ta yawo ba mai sanin inda ta fito.

Bayan girbin shinkafa wasu samari uku masu gambarar zamani, wadda ake kira hip-hop, suka zo ɗaukar albam. Taru Uku suke kiran kansu. Shugabansu Habu ɗan masunta ne daga wani ƙauye ta wajen Miga. Gaskiya da na ga wandunansu na ce a raina, yau ma an zo ɓata mana man janareta. Amma da Habu ya shiga ɗakin ɗauka ya fara waƙar da ya sa wa suna "Yaya", sai na gyara zama. Labarin wansa Yusha'u ne. Ciyawar kacala ta toshe musu ruwa, kifi ya ƙare, ya ɗauki komarsa ya tafi nema, shekaru ba waya ba saƙo. Uwarsu ga ta nan ƙafa ta ƙi, ba wanda ya san ko za ta sake jin muryarsa.

Da muka gama haɗi Habu ya ji tambari, sai ya ɓata rai.

"Malam Sabo, don Allah cire wannan tallar daga kan 'Yaya'. Kuka nake yi, kun sa mini kasuwa a gaba."

Na kai wa Alhaji maganar. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "In ba tambari, ba albam."

Haka albam ɗin ya fita da tambarinsa. Makonnin farko shiru kake ji. Masu turi suka ce samarin gari waƙar soyayya suke so, ba labarin kifi ba. Ashe direbobin da ke lodi a kasuwar kifi sun ɗauke shi. Kafin damina ta faɗi, ba tashar da za ka shiga ba ka ji shi ba. Masu turin da suka raina shi suka dawo suna mana fadanci. Wayarmu kuwa ta hana mu sakat, daga Nguru, daga Gashuwa, har daga Ikko, kowa yana neman yaran su je wasa.

Ranar da nake faɗa muku, da hantsi ne. Na ɗaga wayar, sai na ji iska da ƙarar injin jirgin ruwa.

"Nan ne aka yi waƙar Habu?"

Na ce nan ne, wasa ake so ko talla?

Ya ce, "Ni ne wanda ake faɗa a ciki. Daga Lagdo nake kira, ƙasar Kamaru. Wayata ta faɗa ruwa tun tuni, kuma hannuna ba komai, kunyar dawowa nake. Malam, Inna tana da rai?"

Na ce tana nan, ka sake kira bayan azahar. Na sa wayar a aljihu, na nemo Habu, muka hau babur ɗina sai ƙauyensu, ban ma nemi izinin Alhaji ba.

Mun sami Inna a tabarma, maƙwabta sun cika gidan don labari ya riga mu. Yusha'u ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar iyayenmu mata: ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da wayar ta yi ƙara Habu ya miƙa mata, sai ta kawar da kai.

"Ku yi magana da shi, ai ku ne 'yan'uwansa."

Habu ya buɗe muryar kowa ya ji. Daga can aka ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta miƙo hannu, ta riƙe wayar da hannu biyu. A gaban surukai da jikoki ta ce, "Yusha'u." Ta sake faɗa. Matan gidan suka rufe fuska da mayafi, ni kuma na fita zaure, don ƙato da gemu bai kamata a ga abin da idona yake yi ba.

Tun daga ranar ban sake ɗaukar murya da wasa ba. Mu dai namu mu gyara mu sake ta, Allah ne ya san kunnen da zai kai ta. Saboda haka in yaro ya tsaya gaban makirufo yana faɗin abin da ke cin ransa, ku ajiye wayoyin nan naku ku saurare shi.