Allin Bappa Hammadu a Bayan Ƙofa

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a unguwar Sintali ta Jalingo ya san ba a kunna fim mai dogon zango sai Bappa Hammadu, yayan babana, ya ɗauko alli. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi, da ya yi ritaya sai ya mai da bayan ƙofar falo allonsa. Kana dawowa daga wurin masu tura fim zai tare ka: kashi nawa ne, kowanne minti nawa? Ya cire waƙar farko, ya ƙara lokacin salla, da ɗaukewar wuta, da baƙon da ba ya gane an gaji da shi. Sannan ya rubuta ranar gamawa, ya ja layi biyu. Abin haushin, bai taɓa kuskure ba, kuma da wannan yake taƙama fiye da takardar ritayarsa.

Akwai Madam Rifkatu, nas ɗin da ke haya a gefenmu. Ta samu hutun kwana uku, ta ce a ciki za ta cinye kashi sittin. Bappa ya cire mata barci, ya cire girki, ya cire coci ranar Lahadi, ya ce sai dai in za ta bar wanka.

"Baba, ni zai gama shi, ka bari kawai," in ji ta da irin Hausarta.

Rana ta huɗu ta shigo da ido jajir, tana kashi na arba'in da ɗaya. Bappa ya tura ƙofa ya nuna mata. Arba'in da ɗaya ne a rubuce, tun ranar Juma'a.

Shi fa a cewarsa ba ya kallo, aikin marasa aiki ne. Kujerarsa ma baya take ba talabijin, rediyo a kunne. Amma sai ka ji ya ce wannan mai gashin bakin jiya a kurkuku yake, wa ya yi belinsa? Matarsa Inna Dija ta tsayar da fim, a hau gardama. Wata rana wata mata ta faɗo daga bene a fim ɗin Indiya, ana ta hasko fuskar kowa, har da mai aiki. Ya duba agogo ya ce minti goma sha ɗaya tana faɗowa, da a Jalingo ne da tuni an sallamo ta daga asibiti.

Na taɓa ce masa shi ne mai ɓata mana lokaci. Ya ce ai ya sani, in duba layi na huɗu. Na duba, ga shi da hannunsa: "Maganar mai gida, minti ashirin kowane kashi."

Na ƙarshen da ya lissafa kashi ɗari da ashirin ne. Inna daga la'asar zuwa magariba take kallo, awa biyu, kowane kashi minti arba'in. Da maganarsa a ciki biyu ake samu a rana, don haka ya rubuta kwana sittin. Mun yi kwana arba'in da biyar ciwo ya kwantar da shi, sati bai zagayo ba Allah Ya karɓi abinSa. Aka rufe talabijin da zane.

Da Inna ta fita takaba ta ce in kunna mata, mu ɗora daga inda muka tsaya. Saura kwana goma sha biyar a lissafinsa. Sai muka ga uku muke ci a rana, babu mai tambayar wa ya yi belin wa. A kwana na goma muka iso bakin kashi na ƙarshe. Ban taɓa jin shirun gidan nan ya dame ni kamar ranar ba.

Na kai hannu zan danna, Inna ta riƙe ni, tana kallon bayan ƙofa.

"Bari, 'yata. Saura kwana biyar, kuma nasa ne. Ba a gidan nan za a ce Malam ya yi kuskure ba."

Haka muka jira. Kullum bayan la'asar ta zauna gaban talabijin a kashe, kusa da kujerar nan mai ba da baya, har a kira magariba. Rana ta sittin muka kunna. Ana tsaka da shi Inna ta tsayar da fim ɗin da kanta, ta ce wai wannan mai gashin bakin wa ya yi belinsa ne? Muka yi dariya har muka koma kuka.

Har yau ba mu goge ƙofar ba. Allah Ya jiƙan Bappa, Ya sa ya huta, Ya sassauta masa lissafi ranar da za a yi wa kowa nasa. Amin.