Ɗalha Mai Lasifika da Jakadansa

A Damari babu wanda bai san Ɗalha Mai Lasifika ba. Manomin masara ne, amma da an kaɗa gangar siyasa sai ya jingine fartanya, ya ɗaure lasifika a bayan babur, ya shiga ƙauyuka tallar jam'iyya. Ko lokacin da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin daji, har direbobi suka ɗauke ƙafa, shi bai fasa ba.

Ubangidansa wani ɗan siyasa ne da kowa ke kira Honarabul. Da ya sha ƙasa a zaɓe, sai aka share masa hawaye da kujerar jakada a wata ƙasa mai magana da Faransanci. Ranar Ɗalha har akuya ya yanka.

Gonarsu ta cikin daji ta gagari zuwa, don haka ɗansa na fari, Bilyaminu, ya ce zai bi abokai haƙar zinare a ƙasar da aka tura Honarabul. Uwarsa Kadijatu ta ƙi. Ɗalha ya ce, "Ki bar shi ya je. Jakadan can namu ne."

Damina na tsakiya gwamnatocin biyu suka ɓata. Manyanmu suka yi ta cika baki a rediyo, babu wanda ya tuna da talakawan da ke can. Sojojin ƙasar suka kwashe baƙin mahaƙa suka kulle, har da Bilyaminu.

Ɗalha ya bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa zuwa Kaduna, yana fatan a ba shi lambar wayar jakada. Sai ya tarar da Honarabul da kansa a falon gidansa, ana ta lissafin zaɓen fid da gwani.

"Ranka ya daɗe, yaronka Bilyaminu yana tsare a ƙasar da kake wakiltarmu."

"A wane gari?"

Ɗalha ya faɗi sunan garin. Honarabul ya waiwayi mutanensa, ya ce, "Wannan garin a ɓangarenmu yake?" Aka yi ta kallon juna. Daga baya ya dafa kafaɗar Ɗalha, ya ce za a duba, ya sa aka ba shi fastocin yaƙin zaɓe ya kai gida. Ya karɓa da hannu biyu.

Bayan girbi wani saurayi daga Tabanni, Japheth, ya yi sallama a ƙofar gidan, ya rame kamar kara. Tare aka tsare su da Bilyaminu, shi ya samu ya tsere. Ya ce jakadun wasu ƙasashe sun zo sun fitar da nasu, namu ko leƙe. Gudawa ce ta kama Bilyaminu, aka rasa magani.

"Baba, a kan cinyata ya cika. Musulmin cikinmu suka yi masa salla, muka binne shi a bayan katanga."

Kadijatu ba ta yi kuka a gaban baƙo ba. Bayan sadakar bakwai ta ɗaure kayanta ta koma gidan yayanta a Tsohon Birnin Gwari, kuma har yau ba ta dawo ba.

Ɗalha kuwa yana nan, shi ke dafa wa kansa. In zancen ya taso a majalisa, sai ya ce Honarabul mutumin kirki ne, na kusa da shi ne ba sa gaya masa gaskiya. Nan take wani kan kawo maganar tsadar taki.