Kwanon Saje Ishaya

A unguwar Rikoto ta Zuru, idan ka ga dogon tsoho da kwanon bariki rataye a kafaɗa, Saje Ishaya ne ya fito gaisuwa. Tun da ya ajiye aikin soja ya dawo Zuru, shi coci ke turawa duba marasa lafiya da masu jego. Gidan da ya shiga duk sai an dire masa tuwon dawa da kunun zaƙi, kuma a nan baƙo ba ya ture abinci.

Da aka gano yana da ciwon sukari, ma'aikaciyar asibiti ba ta ɓoye masa ba: ko ya rage ci, ko ya daina shiga gidajen mutane, in ba haka ba idonsa da ya fara dishi-dishi zai tafi. Matarsa Magdalene ta ce ya zauna gida. Ya zauna, amma zaman bai karɓe shi ba, har kaji ya riƙa yi wa faɗa.

Wata safiya ya tono tsohon kwanonsa na soja daga akwati, ya kai asibiti aka duba ko zai yi ma'aunin abincinsa. Aka yarda: murfin na tuwo ne, cikin kwanon na miya da ganye.

Gidan Mama Gladys, yayar matarsa, ya fara zuwa barkar jika. Ta kawo tulin tuwo, shi kuwa ya miƙa murfi.

"Yaya, ɗibar min a nan."

"Kwanona ne bai yi maka ba, Saje? Ko an ce maka ban iya wanke-wanke ba?"

"Kwanonki lafiya lau. Cikina ne aka rage wa muƙami. Da saje ne, yanzu kurtu."

Ta harare shi, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta yanko ɗan tuwo a murfin, ta cika kwanon da miyar kuɓewa da kwaɗon zogale. Kunun kuwa ya sa masa albarka ya miƙa wa mai jego.

Yanzu Saje yana shan maganinsa, yana zagayensa a ƙafa, kuma idon bai ƙara lalacewa ba. Shi ke karanta wa marasa lafiya Zabura. Kwanan baya ya je gidan Mama Gladys ya manta kwanon. Ta hana shi ko loma, sai da ya koma gida ya ɗauko.

Ya dawo yana haki yana dariya, ya miƙa mata murfin.