Mai Gashi Ya Ajiye Almakashi

Na Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayan matata, wanda maharba suka sani da Mai Gashi. Matarsa ce ta kai masa ruwa shago, ta same shi zaune a kujerarsa ta aiki, bayansa jingine da bango, almakashi a hannunsa na dama. Sau biyu ta yi masa magana kafin ta lura ba ya numfashi. Bai yi jinya ba. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas.

Yaya, bari in juyo gare ka, domin da kai na saba magana, ba a kanka ba.

Duk wanda ya ji sunanka kafin ya gan ka sai ya yi dariya ranar da kuka haɗu, saboda kanka ko sili ɗaya babu. Kai ma kakan taya shi, ka shafa sanƙonka ka ce gashin da aka hana ka a kai an ajiye maka a fiffiken tsuntsaye. Shekara arba'in kana aiki guda: ka yanka gashin tsuntsu, ka ɗaura shi a gindin kibiya domin ta tafi a miƙe. Ni kuwa tun ranar da na auri autarku kake kira na Ango, har furfura ta cika mini gemu ba ka sauya ba.

Shagonka ɗan ɗaki ne a bayan gida, mai taga ɗaya wadda kullum take a rufe don kada iska ta watsa maka aiki. Yana warin danƙo da ƙonannen gashi. Ka ja igiya biyu daga bango zuwa bango, ka rataye gashin talo-talo da na dinya, agwagwar daji, na fiffiken dama a igiya ɗaya, na hagu a ɗayar, domin ba a haɗa su a kibiya guda. Sau da yawa ina zaune tare da kai sai in ga gashin da ke rataye ya fara juyawa a hankali, alhali ko iskar numfashi ba ta kai wurin. Ba ka ɗaga kai. Sai dai ka ce, "Ango, matsa, baƙo na tafe." Kafin in gyara zama an yi sallama. Ban taɓa tambayarka ba, kai ma ba ka taɓa yi mini bayani ba.

Ba ka ba mutum abin da ya zo nema don kawai ya nema. Sai ka sa ya ja bakansa sau uku a gabanka, ka kalli kafaɗarsa da yatsunsa, ka ɗora ƙarfen kibiyar a tafinka ka ji nauyinsa. Ƙarfe mai faɗi da nauyi, ka ce sai dogon gashi, tsawon tafin hannu, in ba haka ba kan zai yi ta yawo da kibiyar. Amma dogon gashi yana rage gudu, iska kuma tana kama shi, saboda haka mai harbi a fili da ƙaramin ƙarfe kakan yanka masa tsawon yatsa. Gashin da aka bari ya tashi sama, bayansa a yanke tsaye, yana fito a iska. Wanda aka kwantar aka zagaye bayansa shi ne mai tafiya shiru. Duk wannan tsanani ba don maharbi kake yi ba. Ka sha gaya mana dabba ba ta yi wa kowa laifi ba, wanda zai ɗauki ranta ya ɗauka da harbi ɗaya, kada ya bar ta tana jan ƙafa a daji kwana uku.

Na tuna tsohon maharbin nan da muke kira Baba Dogo, wanda hannunsa ya fara rawa har abokan farauta suka fara yi masa dariya a ɓoye. Ka karɓi kibansa ka ce za ka sabunta zare. Da ka mayar masa, kowace tana da gashi huɗu maimakon uku, ka ce masa sabon yayi ne. Ya ƙara shekara biyar yana farauta, ya mutu yana yabon hannunsa. Ko sau ɗaya ba ka gyara masa zancen ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ƙanwarka. Yau zan faɗa, domin kai kaɗai ne shaida, ga shi ka tafi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ni da ƙanena muka yi mummunan saɓani a kan gonar da mahaifinmu ya bari. Ya gaya mini maganar da na kwashe wata guda ina juyawa a raina. Duk da haka muka shirya fita farauta tare, don kada dangi su gane. Kwana biyu kafin fitar na zo maka da kibau shida, na ce ina son gajeren gashi, kwantacce, wanda ko zomo ba zai ji tahowarsa ba. Ka dube ni, ka daɗe kana dubana, har na kawar da kai.

"Me za ka harba, Ango?"

"Barewa," na ce.

"To," ka ce. "Dawo gobe."

Washegari ka miƙo mini su a naɗe cikin tsumma, ka ce kada in buɗe sai a daji. Da na buɗe, sai na ga dogon gashi, tsaye, irin wanda ka san na tsana. Raina ya ɓaci, amma babu halin komawa.

Rana tsaka, a bakin wani rafi, na ga ciyawa tana motsi, na ga wani abu ja-ja a duƙe. Na ja, na saki. Kibiyar ta tafi tana fito kamar ana kiran mutum. Abin da ke duƙe ya zube ƙasa rub da ciki, kibiyar ta wuce ta kafe a jikin itace. Sai ƙanena ya miƙe daga cikin ciyawar, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya dubi kibiyar, ya dube ni. Ya ce fiton ne ya sa shi kwantawa.

Na rantse masa na zaci barewa ce, ya yarda, muka rungumi juna muna kuka, rigimar gona ta mutu a wurin. Amma Yaya, har yau in na tambayi zuciyata ko na gane rigarsa kafin in saki tsarkiyar baka, ba ta ba ni amsa. Da na dawo na zo shagonka, ka ci gaba da murza zare, ka ce, "Kun dawo ku biyu?" Na ce e. Ka ce, "Madalla." Ba mu sake tayar da zancen ba. 'Ya'yan ƙanena huɗu da aka haifa bayan wannan rana ba su san abin da ka yi musu ba.

Kwana uku bayan an kai ka, matarka ta ba ni makulli in kintsa shagon. Komai yana wurinsa. A kan teburi akwai kibiya ɗaya, gashi biyu a ɗaure, na uku a yanke yana ajiye kusa da ita, zare a zure cikin danƙo. Ina tsaye ina kallonta sai gashin kan igiya ya fara juyawa. Na matsa gefe ban san na matsa ba.

Wani mutum ya yi sallama, dattijo, bahago, da baka a kafaɗa. Ban taɓa ganinsa ba. Ya ce ya zo karɓar kibiyarsa. Na gaya masa rasuwarka, ya yi maka addu'a. Sannan ya ce, "Amma ai ya gaya mini ba zan same shi ba. Ya ce gashi ɗaya ya rage, Ango zai ƙarasa. Kai ne Ango?"

Na tambaye shi yaushe kuka yi haka da shi.

"Jiya da la'asar, a bakin tashar mota. Yana ta sauri."

Na ce ko dai makon jiya yake nufi. Ya ce wataƙila, tsufa ya fara rikita masa kwanaki, amma fuskarsa ba ta nuna ya yarda ba.

Ban taɓa ɗaura gashi ba a rayuwata, kallo kawai na yi shekara ashirin da biyu. Na zauna a kujerarka. Na ɗauki zaren, da na fara naɗawa sai gashin ya zauna daidai da 'yan'uwansa kamar wani ne ya riƙe mini shi. Mutumin ya juya kibiyar a yatsunsa, ya hura mata iska, ya ce aikinka ne. Ya tafi. Na rufe shagon, kuma ban sake shiga ba tukuna.

Ban san abin da Allah Ya ba ka ba, Yaya, kuma ba zan yi ƙarya in ce na sani ba. Na dai san duk abin da ka gani a zukatan mutane ba ka taɓa tona shi ba, gyara kawai ka yi.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wasu. Ka yalwata makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ya amsa tambaya a miƙe, Ka sanya Aljanna ta zama masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa da ta same shi ita kaɗai, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ƙanwarsa da ke ɗakina tana kuka a ɓoye don kada in ji, da maharban da za su buɗe kwarinsu su ga aikin hannunsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, kuma Ya yafe mana abin da mu kanmu ba mu tabbatar ba a cikin zukatanmu. Amin.