Rahoton da na rubuta a kan fim ɗin Nasiru

Akwai ranar da na yi na yi in manta, ta ƙi mantuwa, ita ce ranar da muka kai fim ɗin Nasiru garin Gude. Tunda yau an damƙa muku takardun jin ra'ayin jama'a, ku zauna in ba ku labarin, ko da kuwa ni ne zan sha kunya a ciki.

Lokacin ina mataki na takwas a ofishinmu na wayar da kan jama'a a Gwarzo. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ga tsuke bakin aljihu ya kai mana ko'ina, motar majigi ta shekara a kan duwatsu babu taya. An kuma daina tara maza da mata a fili ɗaya don kallo. Sai muka koma ɗaukar talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta, mu ari aji a firamare, mu toshe tagogi da tabarmi, a yi kallo da hantsi.

A shekarar aka ce za a yi fim guda ɗaya tak a kan ciwon zuciya da amfanin zuwa asibiti da wuri. Mu biyu muka rubuta labari. Nawa akwai makabarta, akwai kuka, akwai wa'azi mai ratsa jiki. Ɗayan kuwa na Nasiru ne, ɗan mataki na biyar, wanda ni da hannuna na koya masa tayar da janareta. Wai wani tela ne likita ya gaya masa kwanansa sun kusa, shi ne ya shiga duba wa matarsa mijin da zai riƙe ta a bayansa, amma duk wanda ya hango sai ya samo masa aibu: wannan munshari gare shi, wancan ya cika fesa turare. Da matar ta gano, ta bi shi da muciya. Nasa aka ɗauka, nawa aka ce an gode. Wallahi kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba.

Ƙa'idar aikin ita ce, kafin a buga fim a raba, sai an gwada shi a garuruwa uku. Jami'i ɗaya ya rubuta abin da masu kallo suka ce, ya sa hannu, Darakta ya buga hatimi, a haɗa da kaset ɗin a aika Kano. Kaset ɗaya ne jal, ba a buga wani sai an amince. Kuma cikin ikon Allah ni aka ba takardun.

A Lakwaya mutane suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Wani manomi ya ce ranar kasuwa zai je a auna masa jini. Na ji shi sarai, na ƙi rubutawa. A Madadi aka samu mutum biyu suka ce bai dace a yi zancen miji ga matar da ke da aure ba. Nan fa biro ya yi gudu, har na ƙara musu gishiri. Amma mutum biyu ba su isa su kayar da fim ba, ina bukatar bakin da ake shakka.

Saboda haka ana gobe za mu Gude na je da kaina wurin Malam Iliyasu, tsohon malamin Islamiyya da kowa ya san ba ya ɗaukar wargi. Wata da watanni yana jinya, ƙafafunsa duk sun kumbura. Na gaishe shi, na yi masa ya jiki, na ce muna neman albarkarsa a wurin kallo. A raina kuwa cewa nake, mutumin da ke kallon kabari da idonsa ai ba zai yafe wa mai wasa da mutuwa ba.

Babban ɗansa, Alhaji Sani, ya kawo shi a kan babur. Na ba shi kujerar gaba, na zauna a gefe ina kallon fuskarsa, ban ko dubi talabijin ba. Da farko ya ɗaure fuska, na ce madalla. Da aka zo inda telan ke shinshina rigar mai turaren, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Kafin a kai ga muciya Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Ni kuwa ji nake kamar in tashi in kashe janaretan.

Bayan an watse ya yafito ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Hadi, wata bakwai ina kwance. Duk wanda ya shigo ɗakina sai ya rage murya, kamar an riga an yi mini wanka. Har mai ɗakina, da muka shekara arba'in muna tsokanar juna, yanzu sannu kawai take ce mini. Ku taimaka ku kawo mini abin nan gida, mu kalla ni da ita."

Ya tambayi wanda ya rubuta, na ce wani yaronmu ne. Ya yi ta sa masa albarka. Nasiru yana can waje wurin janareta, bai ji ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Na koma ofis na cika takarda. Na ce dattawa ba su saki jiki da fim ɗin ba, dariyar ma na kira ta rashin natsuwa. Sunan Malam Iliyasu bai fito ko sau ɗaya ba. Darakta ya karanta, ya ɗago ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ranka ya daɗe abin da jama'a suka faɗa ke nan. Ya buga hatimi, kaset ya tafi Kano aka kulle a sito.

Bayan kwana huɗu sai ga Alhaji Sani a ofis, wai har ya aro bidiyo a maƙwabta, kaset kawai ake jira. Na ce ya dawo bayan kwana uku. Na san wasiƙa ɗaya za ta fito da kaset ɗin, amma dole in rubuta a ciki cewa malami guda ne ya nema, ga kuma rahotona yana faɗin akasin haka da sa hannuna a ƙasa. Sau biyu ina rubuta wasiƙar ina yagawa. Ya sake dawowa, na ce ana kan bin layi. Kwana tara da kallon nan Malam ya rasu.

Nasiru ne ya goya ni a babur ɗinsa zuwa gaisuwa. Bayan an yi addu'a, Alhaji Sani ya matso kusa da mu, ba da wani zargi ba, ya ce da kaset ɗin da Malam ya roƙe ni bai zo ba, Malam ya yi ta ƙoƙarin ba Inna, mai ɗakinsa, labarin da bakinsa, amma numfashi ba ya kai shi, kullum a wurin mai turaren yake tsayawa. Ya ce tana nan tana tambayar yadda aka ƙare, ko cikinmu akwai wanda zai gaya mata.

Nasiru ya juyo ya dube ni. Na san ya gane. Aka kai mu ƙofar ɗakinta, tana daga bayan labule, ya durƙusa ya ba ta ƙarshen: telan bai warke ba, ya daina neman mata kowa, ya zauna yana ɗinka mata kayan sallar shekara uku masu zuwa, ita kuma tana kushe ɗinkin. Muka ji ta yi 'yar dariya, sannan ta fashe da kuka. Kuma kada in ɓoye muku, a wannan durƙuson ma sai da na ji zafin cewa ba labarina ba ne.

Fim ɗin bai taɓa fita ba. Nasiru ya nemi canjin wurin aiki, har ya tafi bai daina gaishe ni yana kirana Malam ba.

Abin da na koya shi ne, wannan takardar da ke hannunku ba taku ba ce, ta mutanen da suka buɗe baki suka gaya muku ce. Ranar da kuka ji zuciyarku na ƙuna da wanda ya yi aikin, ku miƙa wa wani biron. Ni ban miƙa ba, kuma ba Nasiru kaɗai na cuta ba.