Kiɗan jaz a motar Kebbe

Jama'a, yau na jawo wa ƙanwata Hajo magana!

Muna cikin bas daga Tambuwal zuwa Kebbe, na haɗa wayata da sifikar direba. Kiɗan jaz ne, ganguna zalla, kamar ƙanƙara bisa kwano. Na manta Hajo ba ta jure ƙara! Ta toshe kunnuwa, sai hawaye.

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi! Iskokinta sun ji ganga!"

Hajo ta ce, "Ba iskoki ba ne, Inna. Ji nika yi kamar ana kafa min ƙusa a kai. Yaya, kashe!"

Na kashe. Tsohuwar ta ja jiki tana tofi.

Sai da muka sauka na gane ta. Gwaggon wanda zai auri Hajo ce, kuma ta riga mu shiga unguwa da labarin wai Hajo na da iskoki.